Hoton wane ne? Taƙaitaccen tarihin takardar izinin hoto

0. Gabatarwa

In Bahaushe ya ce «hoton Audu», mai saurare yana iya fahimtar abu uku: hoton da Audu ya ɗauka, ko hoton da Audu ya saya ya ajiye, ko kuwa hoton da fuskar Audu take ciki. Harafin -n na mallaka bai rarrabe su ba, kamar yadda «de» ta Faransanci ba ta rarrabe su ba. Haka ma «mai hoto»: yana iya zama mai sana'ar, yana iya zama wanda aka ɗauka. A cikin hira wannan harshen damo ba ya da wata illa, domin muhallin magana yana warware shi. A gaban alƙali kuwa, mutum uku ne kowa yake cewa nasa ne.

A cikin wannan ƙasida za mu bi tarihin takardar da mai zane ko mai ɗaukar hoto yake miƙa wa mutum ya sa hannu, don ya sami damar nuna kamanninsa ko ya sayar. Za mu ga cewa takardar ta fito ne daga rigingimu na kotu a Faransa da Amurka da Jamus, cewa ƙasashen ba su fahimce ta ta hanya ɗaya ba, kuma wannan bambanci yana bayyana da zarar an tashi mayar da ita cikin Hausa.

1. Faransa: kamanni wani ɓangare ne na mutum

Shari'ar da aka saba farawa da ita ta shafi gawa ce. Rachel, shahararriyar ƴar wasan kwaikwayo ta birnin Paris, ta rasu a watan Janairu na 1858. Ƴar'uwarta Sarah Félix ta sa aka ɗauke ta hoto a kan gadon mutuwa, da sharaɗin hoton na dangi ne kawai. Sai wata mai zane, Madam O'Connell, ta yi zane a bisa hoton, aka shiga sayarwa. Ranar 16 ga Yuni 1858 kotun Seine ta yanke cewa babu mai ikon yaɗa kamannin mamaci ba tare da yardar danginsa ba, kome shahararsa, ta kuma ba da umurni a ƙwace zanen. Abin lura shi ne a lokacin babu wata ayar doka da ta yi maganar haƙƙin hoto. Alƙalai sun dogara ne da mutuncin iyali da baƙin cikinsu.

Shekara tara bayan haka, a 1867, marubuci Alexandre Dumas uba, yana da shekara 64, ya tsaya aka ɗauke shi hoto ba kwat a jikinsa, tare da Adah Menken, wata ƴar wasa Ba'amurkiya. Bai biya kuɗin hoton ba, kuma al'adar lokacin ita ce in sananne bai biya ba, to ya bar wa mai shago damar sayarwa. Mai hoton, Liébert, ya sayar, gari ya ɗauka da tsegumi. Dumas ya kai ƙara ya faɗi, amma kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya: mutum yana iya janye yardarsa, muddin ya biya mai hoton diyya.

Daga waɗannan hukunce-hukunce biyu ne abin da ake kira droit à l'image ya tsiro. An daɗe ana aiki da shi a bisa fahimtar alƙalai kawai, sai ranar 17 ga Yuli 1970 aka saka aya ta 9 cikin kundin Code civil, wadda ta kare rayuwar mutum ta sirri, kotuna suka riƙa jingina haƙƙin hoto gare ta. A wannan fahimta izini yana da iyaka: wanda aka bayar don mujalla bai isa a yi talla da shi ba.

2. Amurka: haihuwar takarda

A 1888 George Eastman ya fito da na'urar Kodak a garin Rochester na jihar Niyok. Kafin nan sai mutum ya zauna shiru gaban na'ura, zaman kansa kuwa alamar yarda ce. Daga lokacin aka sami damar ɗaukar mutum bai sani ba. Shi ya sa a 1890 lauyoyi biyu, Warren da Brandeis, suka rubuta wata maƙala suna neman doka ta kare sirrin mutum.

A garin na Rochester ne wata budurwa, Abigail Roberson, ta tarar da fuskarta a kan takardun talla dubu 25 na wani kamfanin garin alkama, an manna su a kantuna da mashaya, ba wanda ya tambaye ta. Ta kai ƙara tana neman dalar Amurka dubu 15. A 1902 babbar kotun jihar ta kori ƙarar, alƙali huɗu suka rinjayi uku, bisa dalilin cewa doka ba ta san irin wannan haƙƙi ba. Jama'a suka fusata, jaridu suka yi ca. A 1903 majalisar jihar ta kafa dokar da ta hana amfani da suna ko hoton mutum mai rai don talla ko kasuwanci, sai da yardarsa a rubuce. In yaro ne, da yardar iyaye ko waliyyi.

Wannan sharaɗi na rubutu shi ne ya mayar da yardar baki takarda. Masu talla da masu hoto suka shiga tanadin takardu bugaggu, wanda za a ɗauka ya sa hannu tun kafin a fara aiki. Sunan takardar a Ingilishi ma'anarsa «saki» ne ko «yafewa»: mai sa hannu ya yafe duk wata ƙara da zai iya kaiwa gobe. Ke nan, ko da yake dokar ta zo don kare wanda aka ɗauka, takardar ta fi zama garkuwar mai ɗauka. A 1953, a shari'ar kamfanin Haelan da na Topps a kan hotunan ƴan wasa da ake sakawa cikin ƙunshin cingam, kotu ta ƙara da cewa kamannin mutum suna da daraja ta kuɗi da yake iya sayar wa wani kamfani shi kaɗai. Fuska ta zama haja.

Jamus ta bi hanya ta tsakiya. A 1898 wasu masu hoto biyu suka saci jiki cikin ɗakin da gawar Bismarck take, suka ɗauke ta. Dokar 1907 ta wajabta neman yarda, ta ce in an biya mutum ladar tsayawa to ana ɗauka ya yarda, kuma har shekara 10 bayan mutuwarsa sai an nemi danginsa.

3. Masu fasaha da iyakar takarda

Mai fasaha yana da nasa uzuri: in sai ya nemi sa hannun duk wanda ya gitta a titi, hoton titi ya mutu. A 1950 Robert Doisneau ya ɗauki hoton saurayi da budurwa suna sumba kusa da ma'aikatar magajin garin Paris, don mujallar Life. Da hoton ya yi kasuwa a shekarun 1980, wasu ma'aurata suka ce su ne, suka kai ƙara. A shari'ar 1993 ya zama dole Doisneau ya bayyana cewa shirya hoton ya yi da wasu ɗalibai masu koyon wasan kwaikwayo. Ita ma ainihin matar da ke ciki ta nemi rabonta, kotu ta ce ba a gane fuskarta sosai. Ya ci shari'ar, amma sirrin hotonsa ya tonu.

A Niyok, Philip-Lorca diCorcia ya ɗauki fuskokin masu wucewa a dandalin Times Square ba su sani ba, ya sayar a gidajen nuni. Ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara a bisa dokar nan ta 1903. A 2006 kotu ta ce aikin fasaha ne, bai shiga cikin talla ko kasuwancin da dokar take nufi ba, ko da an sayar da shi da tsada.

4. Waɗanda ba a tambaya ba

A shekarun da ake wannan muhawara, Edmond Fortier yana buga dubban katunan wasiƙa a Dakar, da hotunan mutanen Afirka ta Yamma har zuwa Tumbutu, cikinsu da ƴan mata da yawa ƙirji a buɗe. Ana sayar da su a ƙasar da alƙalanta suka tausaya wa dangin Rachel. Amma mazauna yankunan mulkin mallaka, in ban da ƙalilan, talakawan Faransa ne, ba ƴan ƙasa ba, har zuwa dokar Lamine Guèye ta 1946. Haƙƙin yana nan, ƙofar kotun ce ba ta buɗe musu ba.

Misali na biyu ya fi kusa da zamaninmu. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, mutane suna zuwa da adonsu, su biya, su tafi da ƙaramin hoto. A 1991 aka nuna wasu daga cikin hotunan a Niyok da sunan «mai hoto da ba a sani ba». Daga baya aka gano shi, sunansa ya dawo, aka riƙa wanke hotunan manya-manya ana sayarwa a Turai da Amurka. Haƙƙin mai ɗauka ya samu. Su kuwa waɗanda ke ciki, da kuɗinsu aka ɗauke su, kuma bisa al'adar da muka gani a shari'ar Dumas, wanda ya biya bai ba da izinin sayarwa ba.

5. Wace kalma?

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin ɗalibanmu suna fita bincike a karkarar Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna ɗaukar murya da hoto, wani lokaci da takarda cikin Faransanci da tsoho ko tsohuwa za su dangwala yatsa a kai. Mai fassara ta da baki dole ya zaɓi kalma, kuma kowace kalma tana da nata hukunci. «Izini» ana nemansa ne wurin mai iko da abu, don wata buƙata sananniya. «Yarda» tana iya tashi in hali ya sake. «Aro» yana da ranar mayarwa. «Sayarwa» da «yafewa» kuwa ba a komawa kansu. Ukun farko sun fi kusa da fahimtar Faransa, biyun ƙarshe da ta Amurka. Wanda aka ce masa «ka yarda?» alhali takardar cewa take «na sayar har abada», bai yarda da abin da ya dangwala ba.

6. Kammalawa

Mun ga cewa takardar izini ƙoƙari ce ta rarrabe Audu ukun da muka fara da su. Darajarta tana ga abu huɗu da ya kamata ta faɗa a fili: wane hoto, a ina za a nuna shi, har zuwa yaushe, da kuma ko akwai lada. Shawararmu ita ce a faɗi waɗannan da harshen mai magana, a naɗi tambayar da amsar a na'ura, a ajiye su tare da hoton. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoton da ya shiga intanet ma haka yake, don haka tambayar tana da amfani ne kafin a ɗauka.