Tarihin Fafutukar Kare Jarirai daga Ƙwayar Cutar RSV, 1956 zuwa 2025

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Sai dai tarihin likitanci ya nuna cewa shi kansa rigakafin yakan jawo cuta idan aka haɗa shi ba tare da cikakken sani ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin ƙoƙarin da masana suka yi domin kare jarirai daga RSV, wata ƙwayar cuta ta numfashi wadda kan fara kamar mura, sannan ta sauka ta kumbura ƙananan hanyoyin iska na huhu. Manufar ita ce a nuna yadda kuskure guda ya tilasta wa masana sake tunani a kan ma'anar kariya ga jariri.

2.0 Gano Ƙwayar Cutar

A shekarar 1956 wasu masana na cibiyar binciken soja ta Walter Reed da ke Amurka suka bayar da rahoton wata sabuwar ƙwayar cuta da suka samu a jikin birrai jinsin cimfanzi masu fama da mura. A 1957 Robert Chanock da abokan aikinsa suka gano ita wannan ƙwaya a jikin jarirai masu ciwon huhu a birnin Baltimo. Sun lura cewa tana sa ƙwayoyin halittar jiki su manne da juna su zama dunƙule ɗaya, kuma daga wannan siffa ne aka raɗa mata sunanta na Turanci, wanda aka taƙaita zuwa RSV. Daga baya aka tabbatar cewa kusan kowane yaro kan kamu da ita kafin ya cika shekara biyu.

3.0 Gwajin da Ya Zama Darasi

Ganin nasarar da aka samu a kan shan-inna ta hanyar kashe ƙwayar cuta da sinadarin fomalin, sai masana suka bi wannan sawu. A tsakiyar shekarun 1960 aka yi wa jarirai allurar gwaji a wasu biranen Amurka. A birnin Washinton jarirai 31 suka karɓe ta. Da cutar ta ɓarke a hunturun 1966 zuwa 1967, sai 20 daga cikinsu suka kamu, aka kwantar da 16 a asibiti, biyu kuma suka rasu. Wato ke nan allurar ta tsananta ciwon da aka yi nufin hanawa. Wannan al'amari ya sanyaya gwiwar masana, har aka shafe gomman shekaru ana ɗari-ɗari da duk wata allurar RSV da za a yi wa jariri kai tsaye.

4.0 Aron Garkuwa

Da aka ga haka, sai tunani ya koma ga wata hanya: maimakon a koya wa jikin jariri ƙera sinadaran garkuwa, a ba shi su a shirye. A 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da palivizumab. Amma tsadarsa, da kuma buƙatar a riƙa yin allurarsa wata-wata a lokacin yaɗuwar cutar, sun sa aka keɓe shi ga bakwaini da masu ciwon zuciya ko huhu.

Babban sauyi ya zo a 2013, sa'ad da Jason McLellan da Barney Graham da Peter Kwong suka fayyace siffar wani furotin da ƙwayar ke amfani da shi wajen kutsawa cikin jiki. Furotin ɗin yana da siffa biyu, ta kafin kutse da ta bayansa, kuma garkuwa mafi ƙarfi ita ce wadda ta gane siffar farko. An gano cewa fomalin yana juya furotin ɗin zuwa siffa ta biyu, abin da ya taimaka wajen bayyana musibar shekarun 1960.

Wannan sani ya haifi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce nirsevimab, allura guda mai kare jariri na kimanin wata biyar, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka kuma a 2023. Ta biyu ita ce allurar Abrysvo, wadda aka amince da ita a 2023 domin mata masu juna biyu. Uwa ce ke ƙera garkuwar, ta miƙa wa ɗan tayi ta mabiyiya, ta kare shi a watanninsa shida na farko. Gambiya da Afirka ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka yi gwajin wannan allura.

5.0 Inda Nauyin Yake

Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 cutar ta kashe yara sama da 100,000 'yan ƙasa da shekara biyar, kusan rabinsu ba su wuce wata shida ba, kuma kashi 97 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe da su ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu.

6.0 Kammalawa

An ga yadda kariyar jarirai ta samu ta hanyar aro, daga uwa ko daga masana'anta, bayan fiye da shekara hamsin da gwajin Washinton. A nan akwai aiki ga manazarta harsunan Nijeriya. Kalmar "rigakafi" ta Hausa ta ƙunshi allurar da ke koyar da jiki da wadda ke ba shi aro, kalmar "mura" kuma takan rufe ciwon da ke sa haƙarƙarin jariri ya riƙa lotsawa saboda wahalar numfashi. Muddin ba a samar da kalmomin da za su bambance waɗannan ba, zai yi wuya ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da mai ciki cewa allurar da ake yi mata a damtse ta ɗanta ce.