Daga Yakuwa Zuwa Karkade: Tarihin Jan Abin Sha a Ƙauyukan Hausawan Jazira

A ƙasashen da ake noman inabi, musamman Italiya, akwai al'adar fifita jar giyar da ƙananan gonaki ke yi kaɗan-kaɗan, har masu hali su riƙa saye suna adanawa shekara da shekaru. Darajar irin wannan kaya tana rataye ne ga sunan ƙasar da ta haife shi, shi ya sa gwamnatin Italiya ta kafa doka a 1963 wadda ta ƙayyade yankin da kowane suna ya mallaka, sannan a 1980 ta ɗaga giyar Barolo da ta Brunello di Montalcino zuwa matsayi mafi tsauri. Ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan ƙauyukan Musulmi ne waɗanda giya ba ta cikin abin shansu tun kafin Shugaba Ja'afar Numairi ya haramta ta a Satumbar 1983, amma suna da nasu jan abin sha wanda shi ma sunan ƙasa ke yanke masa farashi, wato zoɓo, wanda mutanen Sudan ke kira karkade.

Tsiron da ake samun sa daga gare shi shi ne yakuwa, wadda Sakkwatawa ke ce wa sure, masana kimiyya kuma Hibiscus sabdariffa. Abin da ake jiƙawa ba fure ba ne kamar yadda da yawa suke zato. Jan ɓawo ne mai kauri da ke lulluɓe ƙwanson iri bayan furen ya kaɗe, shi ne soɓorodo. A ƙasar Hausa an daɗe ana shuka yakuwa a kan iyakar gona, ana miya da ganyenta, ana kuma dafa 'ya'yanta, wato gurguzu, a ruɓar da su a yi daudawar batso. Mutanen Darfur suna da kwatankwacin wannan daudawa da suke kira furundu, abin da ke nuna cewa tsiron ya daɗe da zama ɗan gida a duk faɗin hanyar da mahajjata ke bi daga Kano da Barno zuwa Bahar Maliya.

Wannan hanya ce ta kawo Hausawa Sudan, da farko jefi-jefi a matsayin mahajjata da fatake, daga baya kuma ayari guda. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, garin kuwa har yau sunansa yake amsawa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta jawo ƙarin mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan ƙasa ke haɗa su duka a ƙarƙashin sunan Fallata ko Takari. Kaɗan daga cikinsu ne suka sami hawasha, wato gonar haya da hukumar shirin ke rabawa. Mafi yawa sun zauna a matsayin 'yan ƙodago masu shuka da cire ciyawa da tsinkar auduga.

A nan ne tarihin yakuwa ya rabu da na auduga. Tsarin Jazira a wancan zamani tsari ne na umarni, inda hukuma ke faɗa wa manomi abin da zai shuka da lokacin da za a sakar masa ruwa, kuma jerin amfanin da ta amince da shi bai wuce auduga da dawa da waken lubiya ba, sai alkama da gyaɗa da aka ƙara daga baya. Yakuwa ba ta sami gurbi a wannan jeri ba, ba ta kuma buƙace shi ba, domin tsiro ne na damina da ya fi jin daɗin jigawa a kan baƙar laka ta Jazira. Saboda haka cibiyar nomanta ta kafu can yamma, a rairayin Kurdufan da Darfur, a hannun ƙananan manoma da ke haɗa ta da gero ko riɗi, yayin da mata ke ɗaukar mafi yawan wahalar ɓare soɓorodon da hannu ɗaya bayan ɗaya, su shanya shi bayan ɗaukewar ruwa.

Jirgin ƙasa ne ya haɗa waɗannan duniyoyi biyu. Layin dogo da ya taso daga Khartoum ya ratsa Wad Madani da Sinnar, ya haye Farin Nilu a Kosti, ya isa Al-Ubayyid a 1912, kuma ɗaya daga cikin tashoshinsa ita ce Rahad ta Kurdufan, wadda bai kamata a rikita ta da kogin Rahad na gabas ba. Kasuwar amfanin gona ta Al-Ubayyid, wadda ƙaro ya fara yi wa suna, ta zama inda ake gwanjon karkade, a nan kuma dillalai suka saba bambanta kaya da sunan mahaifarsa, na Rahad daban, na Fashir daban, fari ma daban. Abin da masu saye ke dubawa shi ne duhun ja, da ƙarfin tsami, da kaurin ɓawo, da ko an ɓare shi ɗungurungum ba tare da ya farfashe ba. Kamfanonin shayin ganye na Jamus sun daɗe suna neman na Sudan, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta taɓa bayyana shi a matsayin mafi inganci a duniya, duk da cewa ta lura yawansa kaɗan ne, kuma rashin kyawun sarrafawa yana rage masa daraja.

Bambancin da ke tsakanin wannan suna da na Barolo shi ne babu dokar da ta tsaya masa. Mai gonar inabi a Italiya yana sayar da kwalba da sunan garinsu da na gidansu, ribar sunan kuma ta dawo masa, alhali kuwa manomin yakuwa yana sayar da buhu ga ɗan kasuwar ƙauye, kayansa su gauraya da na wasu tun kafin su isa Port Sudan, don haka wanda ya fi kowa wahala shi ya fi kowa nisa da ribar.

A ƙauyukan Hausawa kuwa zoɓo bai taɓa zama kayan adanawa don alfahari ba. Wurinsa shi ne shimfiɗar buɗa-baki da ake fitarwa waje a watan azumi bisa al'adar Sudan, inda yake jerawa da ruwan tsamiya da na kuka da hilu-mur, abin shan da ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa duka ɓangarorin wannan ciniki, domin an gwabza a kan hanyoyin Al-Ubayyid, Wad Madani kuma ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disambar 2023 kafin sojoji su ƙwato ta a Janairun 2025.