Kifin Da Ba Ya Tekunsu, Amma Ya Zama Abincin Gidan Kowa a Fotugal

Wanda ya shiga kantin kayan abinci a Lisbon ko Porto, warin gishiri da busasshen kifi ne zai fara tarbarsa. Zai ga an jibge wasu faffaɗan kifaye da aka fede aka shimfiɗe, farare fat da gishiri, masu taurin da sai an sa babbar wuƙa ko zarto kafin a yanka wa mai saye. Wannan shi ne bacalhau, kifin da mutanen Fotugal ke yi wa kirari da amintaccen aboki, har suna cewa suna da hanyoyin dafa shi 365, kowace rana da tata. Abin da ya ɗaure mini kai tun da na fara bin tarihinsa shi ne, kifin nan ba ya rayuwa a tekun Fotugal ko kaɗan. Mazauninsa ruwan sanyi ne na can arewa, wajen Norwe da Aisland da gabar Kanada.

Gishiri ne ya fara ƙulla zumuncin. Allah ya hore wa Fotugal rana da fadamun gishiri a Aveiro da Setubal, mutanen arewacin Turai kuma suna da kifi amma ba su da isasshen gishirin adana shi. A 1353 'yan kasuwar Lisbon da Porto suka ƙulla yarjejeniya da Sarki Edward na Uku na Ingila wadda ta ba masuntansu damar yin su a gabar Ingila. Bayan da John Cabot ya isa Newfoundland a gabar Kanada a 1497, shi ma Gaspar Corte-Real ya kai yankin a 1501, labari ya bazu cewa akwai kifi a can kamar ƙasa. Zuwa 1506 harkar ta bunƙasa har Sarki Manuel na Ɗaya ya ɗora mata haraji.

Addini ma ya taimaka. Cocin Katolika ya hana cin nama ranakun Juma'a da kwana 40 na azumin Kiristoci da wasu ranaku da dama. Talakan da ke ƙauyen kan dutse, nesa da teku, ba shi da hanyar samun ɗanyen kifi, amma wanda aka zuba wa gishiri aka shanya yana yin watanni a rataye bai lalace ba. Dabarar da ke kai bandar kifin Baga har Onitsha lafiya lau, ita ce ta kai bacalhau kowane lungu na Fotugal, sai dai su, gishiri da iska ne suka yi musu aikin da hayaƙi ke yi mana.

Daga 1580 zuwa 1640 Fotugal tana ƙarƙashin sarakunan Sifaniya, yaƙe-yaƙe da Ingila suka cinye jiragenta, ta koma sayen kifin daga hannun Turawan Ingila har tsawon ƙarnuka. Sai zamanin mulkin kama-karya na Salazar gwamnati ta ɗaura ɗamarar kamo abinta da kanta. A 1934 aka kafa hukumar kula da cinikin bacalhau, aka ƙayyade farashi, aka ƙera jirage irin su Creoula da Santa Maria Manuela a 1937. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka shafa wa jiragen farin fenti don a san ba ruwansu da yaƙin, daga nan aka sa musu suna Farar Runduna. Duk da haka, a 1942 jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka nutsar da biyu daga cikinsu, wato «Maria da Gloria» da «Delães».

Rayuwar masuntan nan ce ta fi tsaya mini a rai. A watan Afrilu ake yi musu addu'a a Belem, bakin kogin Lisbon, su kama hanyar Newfoundland da Girinland, ba za su sake ganin iyalinsu ba sai bayan kimanin wata shida. Tun da asuba ake sauke kowane mutum shi kaɗai cikin ɗan ƙaramin kwalekwalen katako, da igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da koto, da ɗan guzuri. Zai tuƙa ya yi nisa da babban jirgi, ya wuni yana jan igiya da hannuwan da sanyi da ruwan gishiri suka farfasa. Idan hazo ya rufe, sai ya busa ƙahon katantanwa ya kasa kunne ko zai ji ƙararrawar jirgi. Wanda bai ji ba, sau da yawa shi ke nan. Wanda ya dawo da yamma kuma ba hutu zai yi ba: sai an fede kifin, an cire kai da ƙashin baya, an jera shi a cikin jirgi ana barbaɗa gishiri, kafin a sha miyar kan kifi a ɗan runtsa. Samari da yawa daga Ilhavo da Nazare da Fuzeta sun zaɓi wannan wahala saboda tana kuɓutar da su daga aikin soja, a lokacin da ake tura tsararrakinsu yaƙi a Angola da Mozambik da Gini Bisau. Idan jirage sun dawo, mata ne ke karɓar aikin, su wanke su shanya a filayen garin «Gafanha da Nazare».

Zamanin ya ƙare da juyin juya halin 25 ga Afrilun 1974 da ya kawar da mulkin kama-karyar. A 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200, sannan a 1992 ta hana kamun kifin a yankin Newfoundland, domin manyan jirage masu jan koma sun kusa ƙarar da shi. Yau akasarin abin da Fotugal ke ci daga Norwe da Aisland yake zuwa. Jirgin asibitin masuntan, Gil Eannes, ya zama gidan tarihi a Viana do Castelo.

A madafa kuwa al'adar tana nan daram. Uwargida za ta jiƙa kifin kwana ɗaya ko biyu, fatar tana sama, tana sauya ruwa har gishirin ya saki. A Lisbon ana zazzage tsokar a haɗa da siririn soyayyen dankalin turawa da albasa da ƙwai, shi ne bacalhau à Brás. A Porto ana gasa shi da dankali da dafaffen ƙwai da zaitun, girkin da ya ci sunan wani ɗan kasuwar kifi, Gomes de Sá. Daren jajiberin Kirsimeti kuma a sauƙaƙe ake dafa shi da kabeji da dankali, a kwarara man zaitun, washegari a soya ragowar da tafarnuwa.

Ina ganin duk mai yabon girkin Fotugal ya kamata ya haɗa da mutanen da suka jawo wannan kifi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, da matan da suka shanya shi. Abin alfaharin ƙasar a yau guminsu ne, kuma da yawansu ba su da kabari a kan tudu.