Kada Mai Tulu: Nazarin Kalmar Gariyal da Halin da Dabbar Take Ciki

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar gariyal, sunan wani kada mai siririn baki da ke zaune a kogunan arewacin Indiya da Nepal. Ta duba asalin sunan da yadda ya jirkice a hannun Turawa, sannan ta nuna cewa siffar da ake jingina sunan da ita ita ce ma'auni mafi inganci na gane ko dabbar tana farfaɗowa.

Asalin Kalmar

Kalmar ta fito ne daga harshen Hindi, inda ake cewa ghariyal. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne an samo ta daga ghara, wato tulun ƙasa na ɗibar ruwa, domin namijin da ya ƙosa yakan fitar da wani kumburi a ƙarshen hancinsa mai kama da tulu. Wasu ƙamusoshi kuwa suna mayar da ita ga kalmar Sanskirit ghantika, wadda ita ma sunan kada ce. Ko da bayanin tulun ya kasance fassarar da jama'a suka yi wa sunan daga baya, fassara ce ta mutanen da suka ƙare wa dabbar kallo.

Abin ban sha'awa ga mai nazarin Hausa shi ne furucin. Harafin r na ghariyal irin na naɗe harshe ne, kamar wanda ke cikin ruwa da rana. Ke nan bakin Bahaushe ya fi na Bafaranshe kusa da furucin asali. A Faransanci kalmar ta koma gavial, kuma ana kyautata zaton kuskuren karatu ne, aka ga r aka ɗauka v ce. A 1789 masanin halittu Gmelin ya sa wa dabbar suna Lacerta gangetica, wato ya jefa ta cikin ƙadangaru. A 1811 wani masanin, Oppel, ya ware mata rukuninta, ya kira shi Gavialis. Har yau sunanta na kimiyya Gavialis gangeticus, kuskuren ya samu gindin zama, tulun kuwa ya ɓace daga sunan.

Dabbar da Tulunta

Namiji na iya kaiwa tsawon mita 6, mace ba ta kai haka ba. Bakin siriri ne kamar muciya, ɗauke da haƙora kimanin 110. Idan kifi ya gifta, sai ya kaɗa bakin gefe guda ya cafke, domin siririn baki ba ya jan ruwa. Amma a tudu gariyal ba shi da kataɓus. Babba ba ya iya ɗaga cikinsa ya yi tafiya kamar kadan da muka sani, sai jan ciki. Saboda haka idan kogi ya ƙafe ko aka datse shi, ba ya iya ratsa daji ya nemi wani.

Mace takan haƙa rami a tudun yashi a watannin Maris da Afrilu ta binne ƙwai, su ƙyanƙyashe dab da faɗuwar damina. Tulun kuma na namiji ne kaɗai, ba ya cika sai bayan shekaru fiye da goma. Da shi yake fitar da wani ƙugi da kumfa a ruwa lokacin barbara. Duk wanda ya zauna cikin kwalekwale da madubin hangen nesa zai iya ƙirga masu tulu ba tare da ya kama ko ɗaya ba.

Raguwa da Ƙoƙarin Ceto

An ƙiyasta cewa a 1946 akwai tsakanin 5,000 zuwa 10,000, daga kogin Indus har zuwa Irrawaddy. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 ba su kai 200 ba. Indiya ta ƙaddamar da shirin kare kadoji a 1975, Nepal ta buɗe cibiyar kiwo a gandun Chitwan a 1978, aka kuma keɓe kogin Chambal na Indiya ya zama mafaka. Ana kwashe ƙwai, a rene su, a saki 'ya'yan idan sun yi ƙwari. An saki fiye da 5,000 ta wannan hanya.

A nan ne lissafin ya ƙi daidaita. Manya masu haihuwa sun ragu daga 436 a 1997 zuwa 182 a 2006, abin da ya sa a 2007 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sanya gariyal cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A hunturun 2007 zuwa 2008 kuma fiye da 100 suka mutu a Chambal da alamun gazawar ƙoda. An yi ta zuba 'ya'ya cikin kogin da ba a gyara ba: ragar masunta tana sarƙe dogon bakin har dabbar ta nutse, masu ɗibar yashi suna kwashe tudun da za a binne ƙwai, madatsun ruwa suna rage ruwan rani su kuma saki ambaliya a kan sheƙa. Ɗan da aka saki yau ba zai yi tulu ba sai ya tsallake waɗannan duka na sama da shekara goma.

A ganin wannan bincike, yawan 'ya'yan da aka saki shaida ce ta ƙwazon ma'aikatan cibiya kawai. Yawan masu tulu da yawan ramukan ƙwai su ne shaidar lafiyar kogi. Ga masu fassara da marubutan littattafan kimiyya kuwa, a rubuta gariyal bisa furucin Hindi, a bayyana shi da kada mai tulu, kada a kwaso kuskuren Faransanci a shigo da shi Hausa.