Komawa Tuƙin Ƙananan Jiragen Sama Bayan Shekaru: Giɓin da ke Tsakanin Doka da Na'urorin Zamani a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba halin matuƙin ƙaramin jirgi mai zaman kansa wanda ya koma tuƙi bayan ya daɗe bai tashi ba, ta kuma nuna cewa dokar Amurka tana auna kwanakin da ya yi bai tuƙa ba, amma ba ta auna saninsa game da na'urorin da zai tarar ba.

Matsayin Doka

Lasisin matuƙi da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, take bayarwa ba ya ƙarewa, sai dai ba a yarda mai shi ya jagoranci jirgi ba sai ya yi bitar tuƙi cikin watanni 24 da suka gabata, wadda mafi ƙarancinta awa ɗaya ce a ƙasa da awa ɗaya a sama tare da malami. Idan zai ɗauki fasinja, dole ya kasance ya tashi ya sauka sau uku cikin kwanaki 90. Wanda ya bar tuƙi a 2001 da wanda ya bari shekara uku da suka wuce duk wannan ƙa'ida ce a kansu, alhali ba jirgi ɗaya suka sani ba.

Sauyin Ɗakin Matuƙi

Tsohon tsari ya ƙunshi ma'aunai shida masu allura, waɗanda ke nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi da alƙibla da juyi da saurin hawa ko gangara. Daga 2003 da 2004, lokacin da na'urorin Avidyne Entegra da Garmin G1000 suka shiga jiragen Cirrus da Diamond da Cessna, an tattara waɗannan bayanai a allon kwamfuta, inda gudu da tsayi suka koma lambobi masu zamewa. Idon da ya saba fahimtar halin jirgi daga kwanciyar allura yanzu sai ya tsaya ya karanta lamba, kuma wannan ɗan jinkiri yana da nauyi a lokacin sauka. Yadda na'urorin ke lalacewa ma ya sauya: tsohon ma'aunin karkata yakan kauce a hankali idan famfon iskarsa ya mutu, shi kuwa allon zamani yakan nuna jar alama, wani lokaci bayanai da dama su ɓace tare domin tushensu ɗaya ne.

Binciken da hukumar binciken haɗurran sufuri, NTSB, ta fitar a 2010 a kan jirage sama da 8,000 da aka ƙera tsakanin 2002 da 2006 ya gano cewa masu allon kwamfuta sun fi ƙarancin haɗari a jimlace, amma sun fi yawan haɗarin da ake rasa rai. Bai kamata a ɗora laifin a kan allon kai tsaye ba, domin an fi amfani da waɗannan jirage a doguwar tafiya da matuƙi ɗaya, yayin da masu allura suka fi zama na koyarwa. Duk da haka hukumar ta nemi a ƙara horo a kan takamaiman na'urar da matuƙi zai yi aiki da ita, kuma wannan buƙata ta fi ƙarfi a kan mai komawa, wanda zai iya yin bitarsa a tsohon jirgi, washegari ya hau mai allo ba tare da doka ta hana shi ba.

Akwai kuma ruɗin da yalwar bayanai ke haifarwa. Tun 1 ga Janairu 2020 aka wajabta na'urar ADS-B, mai sanar da matsayin jirgi wanda take samowa daga tauraron ɗan'adam, a manyan sassan sararin Amurka, kuma tsarin yana aiko wa matuƙi hoton hadari kyauta. A 2012 NTSB ta yi gargaɗin cewa irin wannan hoto na iya tsufa da minti 15 zuwa 20 fiye da lokacin da allo ya nuna, wanda ya isa hadari ya rufe hanyar da ake gani a buɗe. Shirin da ƙungiyar masu jirage da matuƙa, AOPA, ta fara a 2014 domin masu komawa yana cike ɓangaren karatun ƙasa na bitar tuƙi, amma shigar da hanya cikin GPS da gane umarnin da na'urar tuƙi da kai take bi a kowane lokaci suna buƙatar awanni a na'urar kwaikwayon tuƙi da cikin jirgin kansa, kuma yawan awannin ya rataya ne a kan hukuncin malamin da zai sa hannu.