Daga Ambulan Zuwa Data: Tarihin Karatu Daga Nesa a Najeriya

Maƙalarmu ta wannan mako za ta waiwayi karatun jami'a daga nesa. Da yawanmu muna ɗauka intanet ce ta zo da shi, alhali ya girme ta nesa ba kusa ba.

Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya yi karatu a inda yake, ya zauna jarrabawarta. Kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, ta wannan hanya wasu 'yan Najeriya suka samu digiri. Makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila kan aiko darasi ta gidan waya, ɗalibi ya amsa ya mayar, ya zauna jiran sakamako na makonni. Wanda ke Legas, bakin tashar jirgin ruwa, ya fi na Gumel ko Argungu saurin karɓar ambulan. Tun a lokacin tazarar ta fara.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi ƙaranci. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna. Malami yana bakin aikinsa a ƙauye, a ba shi littattafai ya karanta, ya je cibiya a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Shirin ya ratsa karkara saboda littafi ba ya buƙatar lantarki.

A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa. Ba ta yi nisa ba sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Janar Buhari ta dakatar da ita a 1984. Sai a 2002, zamanin Obasanjo, ta dawo aiki da sunan da muka sani yau, NOUN.

Dawowarta ta zo daidai da shigowar wayar salula a 2001. A farkon lamarin, ɗalibi sai ya je shagon intanet, ya biya kuɗin awa, ya jira shafi ya buɗe. A 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, intanet ta ƙara sauri da sauƙi. Amma jawo ta daga bakin teku zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, ga kuɗin haƙa da jihohi ke karɓa, ga masu yanke waya a hanya. Yadda ambulan ya fara sauka a Legas, haka data ma.

Annobar korona ta tona asirin wannan tazara. A watan Maris 2020 aka rufe makarantu. Wasu jami'o'i masu zaman kansu suka koma Zoom, na gwamnati kuwa suka haɗa da yajin aikin ASUU har zuwa Disamba. A watan Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya har da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ɗalibin da rajistarsa da aikin gida ke kan intanet, an rufe masa aji ke nan. A watan Janairu 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, makarantar nesa tana tsayawa ne inda hanyar kai darasi ta tsaya. Digirin ɗaya ne, amma wahalar samunsa ta dogara da garin mutum da ƙarfin aljihunsa.

Mu ma abin ya shafe mu, domin da wannan datar ake karanta littattafanmu a WhatsApp da Wattpad. Kuma akwai labarai a nan da ba mu rubuta ba: matar aure mai karatu bayan yara sun yi barci, da saurayin da ke kai waya caji kasuwa kafin ya tura aikinsa. Tsofaffin malaman da suka yi NTI suna nan a unguwanninmu. Mu je mu tambaye su tun suna raye, mu rubuta abin da suka gani.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.