Tarihin kai kuka ta waya, daga 1953 zuwa manhajojin yau

Yau tarihi zan kawo muku. Idan kana hawa Facebook ko YouTube, wataƙila ka taɓa cin karo da tallan manhajar da ke haɗa mutum da ƙwararren mai ba da shawara kan damuwa, rashi, mutuwar aure ko rasa aiki. Kar ka ɗauka sabon abu ne, ya haura shekara 70.

A Ingila abin ya faro. A 1935 wani malamin coci mai suna Chad Varah ya jagoranci jana'izar yarinya 'yar shekara 14 da ta kashe kanta. Jinin al'ada ta gani karon farko, ta ɗauka muguwar cuta ce, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Abin ya tsaya masa a rai. Ranar 2 ga Nuwamba 1953 ya buɗe layin tarho a cocinsa da ke Landan, duk wanda duniya ta yi wa zafi ya kira. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. Masu zuwa da ƙafarsu kuwa, 'yan sa kai ne ke ba su shayi suna saurarensu kafin layi ya zo kansu. Sai ya lura da yawa suna komawa gida ba su ma gan shi ba, don sun riga sun sami sauƙi. Ashe mai saurare suke nema.

Bayan murya sai hoto. A 1964 likitocin ƙwaƙwalwa a birnin Omaha na Amurka suka fara duba marasa lafiyar wani asibiti mai nisan kusan kilomita 180 ta talabijin, kowa na ganin kowa. Ka ga kakan bidiyo kol ɗin da kake yi ke nan.

A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya ƙirƙiro ELIZA, manhajar da ke kwaikwayon mai ba da shawara. Ba ta fahimtar komai fa, maganarka kawai take juyawa ta maido maka a matsayin tambaya. Duk da haka sai da sakatariyarsa ta ce ya ɗan fita daga ɗakin, tana son su gana ita da kwamfuta. Wannan ya nuna maka yadda baki ke buɗewa idan ba a ganin fuska.

Da wayoyin shafa suka yawaita, Talkspace ta fito a 2012, BetterHelp a 2013. Kullen korona na 2020 kuma ya tura likitoci da masu neman shawara kan intanet ko ba sa so.

To a nan gizo ke saƙa. Wanda ya kira Varah a 1953, yana ajiye kan tarho muryarsa ta wuce. Yau abin da ka rubuta yana zaune a kwamfutar wani kamfani. A 2020 aka gano an sace bayanan mutum kusan 33,000 daga Vastaamo, wata cibiyar ba da shawara a ƙasar Finland. Ɓarawon ya riƙa aika wa mutane saƙo ɗaya bayan ɗaya, su biya Yuro 200 ko ya watsa sirrinsu. A 2023 kuma hukumar FTC ta Amurka ta zargi BetterHelp da miƙa imel da bayanan lafiyar masu amfani da ita ga irin su Facebook da Snapchat saboda talla. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 7.8. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Saboda haka idan za ka nemi shawara ta waya, ka fara binciken su waye masu manhajar, kuma wanda za a haɗa ka da shi yana da lasisi ko babu. Ka buɗe imel daban wanda ba shi da alaƙa da Facebook ɗinka. Ka sa wa manhajar makulli nata na kanta. Ranar da za ka kawo mana wayar gyara kuma, ka fita daga asusun tukuna. In mun ce za mu gwada sikirin ko sifika, buɗe da hannunka ka tsaya a yi a gabanka.

Amma don Allah kar tsoron tonon asiri ya sa ka bar abu yana cin ka a ciki. In har ta kai kana tunanin cutar da kanka, kar ka tsaya jiran manhaja, ka faɗa wa na kusa da kai a yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare. Allah Ya yaye wa kowa damuwarsa.